Duhun da Lorraine Ta Gano

Duk wanda ya sake buɗe baki a gabana ya ce wai a ɗakin bincike kowa ɗaya ne, ba babba ba ƙarami, to ya yi nesa da ni in akwai kofi mai zafi a hannuna. Shekara shida na yi a ƙasan ginin sashen kimiyyar haske na jami'armu, nan bakin tafkin Ontario, ina aikin bincike bayan na gama digirin dakta, kuma a gabana aka yi wa Lorraine Paszek abin da aka yi mata. Ba kallo kaɗai na yi ba. Da hannuna a ciki, shi ya sa har yau abin yake ci na.

Lorraine ce mai haɗa kayan aiki a ɗakinmu. A unguwar 'yan Poland aka haife ta, can bayan layin dogo. Ubanta gogar gilashin tabarau ya yi har ya mutu, ita ma tana gama sakandare ta bi shi masana'antar gilashin, ta yi shekara goma sha tara tana gogar gilashi, ranar nan aka tara su a farfajiya aka ce an rufe. Yanzu wurin ajiye motoci ne. Daga nan ta shigo jami'a, aka saukar da ita ƙasan gini inda ba taga, kuma lokacin da nake ba da labari ta yi shekara ashirin da ɗaya a wurin. Mijinta Casimir direban motar kwashe ƙanƙara ne, ya rasu kafin in san ta. Tana da 'ya'ya maza biyu da jika ɗaya. Ranar Talata ba a tsayar da ita bayan ƙarfe biyar ko gini zai rushe, domin tana da wasan bolin, wanda ake mirgina ƙwallo a kayar da sanduna, da ƙawayenta na coci.

Aikinta zaren gilashi ne, wannan siririn abin da bai fi gashin kai kauri ba, wanda haske yake bi ta cikinsa. Ita take yanka shi, ta haɗa baki da baki, ta narke su da tartsatsi. In ɗalibi ya yi haɗi, haske sai ya yi ta yoyo kamar tsohon bokiti. In ita ta yi, sai ka rantse ba a taɓa yanka wurin ba. Kuma bakinta ya fi abin yankan nata kaifi. Ranar da na fara aiki na ɗora jakata a gefen teburinta, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ke 'yar nan, ko Dakta ce aka ce, ɗauke min wannan buhun. Nan ba tashar bas ba ce." Tun daga ranar Dakta take kirana in za ta zolaye ni, Maureen kuma in magana ta gaske ce. Tare muke cin abincin rana a kan wani tsohon benci kusa da injin ɗumama gini, ta kawo pirogi, wato 'yan curin ƙullu da ake cusa wa dankali da cuku, a roba, ta kalli ganyen da nake ci ta ce zomo ma ya fi ni gata.

Shugaban ɗakin shi ne Farfesa Alden Whitlock. Ofishinsa yana hawa na huɗu, tagarsa tana kallon tafkin. Mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba, irin fara'ar nan da ba ta ci masa ko sisi. "Ku kira ni Alden kawai," haka yake ce wa kowa, kuma duk Juma'a da ƙarfe uku yakan zo taron rukuni da kwalin donat a hannu. Ƙasa kuwa sau biyu a wata yake sauka, yawanci da baƙi. Ya tsaya a bayan Lorraine ya dafa kujerarta ya ce, "Wannan ita ce Lorraine, hannunta na zinariya ne." Baƙi su yi murmushi, a wuce a nuna musu leza, na'urar da ke fitar mana da haske. Ita ma lezar haka yake gabatar da ita, da irin muryar.

Abin da muke aiki a kansa zobe ne. Dogon zaren gilashi ne aka naɗe a kan faifai, aka haɗa kansa da jelarsa, sai a zuba masa hasken leza ya yi ta zagaye, sau miliyan biyu da ɗoriya a daƙiƙa guda. Haske kuwa yana da hannu. Wani yana tafiya yana murɗawa dama, wani hagu, kuma abu kaɗan yake sauya shi: ka lanƙwasa zaren, ka danne shi, ko ma ka kawo ɗumin tafin hannunka kusa. Don a saita shi akwai wasu faya-fayai uku da ake naɗa zaren a jikinsu, ana karkata su da yatsa. Mu kunnuwan jemage muke ce musu. Kowa yana taɓa su, amma Lorraine kaɗai suke jin magana.

Ɗalibin da ke riƙe da zoben Tobias Renner ne, yana shekara ta huɗu a digirin dakta. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. An sa shi farautar curin haske, wato ɗan ƙullin haske mai ƙarfi da zai yi ta zagaye ba tare da ya watse ba, domin shi Whitlock ya yi wa masu ba da tallafi alkawari. To duk lokacin da Tobias ya saita kunnuwan har dama da hagu suka kusa daidaita, sai wasu ƙananan ramuka su fito a layin da ke kan allon awo. Shi tudu yake nema, ga rami. Sai ya yi tsaki ya murɗa kunnuwan har ramukan su ɓace, ya rubuta a littafinsa cewa datti ne. Wata takwas yana wannan aikin. Ni ma na gani, na ce datti ne. Whitlock ya gani a hoto, ya ce a sayi sabon ma'auni. Mu uku da digirorinmu, muna share abin da ya kamata mu durƙusa mu kalla, don kawai ba shi muka fito nema ba.

Wata safiya a watan Oktoba Lorraine ta zo wucewa da naɗin zare a hannu, ta tsaya a bayan Tobias.

"Kai Tobias, wannan dattin naka ya cika ladabi."

"Ma'aunin ne ya lalace, Lorraine."

"Ni na gyara shi ranar Litinin, kada ka zage ni da sassafe. Duba nan. Wuri ɗaya yake dawowa, faɗinsa ɗaya, zurfinsa ɗaya. Shekara arba'in ina ganin datti, ban taɓa ganin wanda yake zuwa aiki a kan lokaci ba. Tashi ka ba ni kujerar."

Ya tashi, don ba wanda yake musu da ita a kan kujera. Ta ɗauko wani ɗan gilashi mai raba haske, ta sa shi a mafitar zoben yadda mai murɗawa dama zai tafi ma'auni ɗaya, mai murɗawa hagu ya tafi wani. Sannan ta zauna da kunnuwan jemage. Awa uku tana taɓa su, taɓawar da ido ba ya gani, ta hana kowa wucewa kusa da teburin. Ranar ko pirogi ba ta ci ba. Wajen ƙarfe biyu ta kira ni ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Maureen, zo ki gaya min me nake kallo."

Layi biyu ne a allon. Inda hasken dama ya faɗa rami, nan na hagu ya yi tudu, daidai wa daida, kamar ƙwarya da murfinta. Kuma ramin yana nan, yana zagaye zoben bai cike ba, bai faɗaɗa ba. Soliton mai duhu ke nan, ɗigon duhu da yake riƙe kansa a tsakiyar haske, hannu biyun suna tokare da juna. Na sha ganin sa a lissafi, ban taɓa zaton zan gan shi da ido a ƙasan ginin da bututun ruwa yake ɗiga mana a kai ba. Minti arba'in yana nan, har wani ya buga ƙofa, girgizar ta sa duhun ya ɓace.

Whitlock da gudu ya sauko, ban taɓa sanin ya iya gudu ba. Ya kama hannun Tobias da hannu biyu yana jijjigawa. Tobias ya ce, "Ai Lorraine ce ta..." Shi kuwa ya ce, "Eh, eh, Lorraine, madalla, hannun zinariya!" ya koma kan Tobias. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Har Kirsimeti muna awo, kuma duk wani awo da aka ɗauka ita ta saita kunnuwan, domin in wani ya gwada sai duhun ya ƙi fitowa. A watan Janairu Whitlock ya rarraba daftarin takardar da za a aika wa mujalla. Sunaye huɗu ne a sama: Renner, Tedesco, wato ni, Dunleavy, Whitlock. Wannan Dunleavy wani farfesa ne a wata jiha da ya ara mana na'urar ƙara ƙarfin haske, ko ƙofar ɗakinmu bai taɓa gani ba. Lorraine tana can ƙarshen shafi na huɗu, a ƙananan haruffa, inda ake gode wa masu ba da tallafi: muna gode wa L. Paszek saboda taimakon hannu.

Haka al'adar take, kowa ya sani. Mai digiri sunansa a sama, mai hannu a yi masa godiya a ƙasa. Shekara ashirin da ɗaya ana yi mata haka ba ta taɓa cewa uffan ba. Amma ranar, a kan bencinmu, ta buɗe robarta ta rufe ba ta ci ba.

"Kin san jikata Adele? An ba su aiki a makaranta, kowa ya rubuta abin da kakarsa take yi. Ta sa sunana a kwamfuta. Kin san abin da ya fito? Makin bolin. Shi ke nan. Ta ce, Kaka, ashe ke 'yar wasa ce." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Gilashin da na goga shekara sha tara ba sunana a jiki, masana'antar ma an rushe ta. Ban damu ba, aikin kowa ne. Amma wannan ni na gan shi, Maureen. Ni na ce ba datti ba ne. Sau ɗaya dai ina so a rubuta ni a sama."

Na ce mata gaskiyarta ce, na kuma raka ta hawa na huɗu. A lokacin ina ji da kaina, wai ni mai tsaya wa gaskiya.

Whitlock ya saurare ta har ƙarshe, ya haɗa yatsu, ya sa fuskar tausayi. "Lorraine, ba wanda ya fi ni sanin darajarki. Amma suna a kan takarda ba kyauta ba ne, nauyi ne. Duk wanda sunansa ya hau, dole ya iya tsayawa gaban allo ya kare kowane layi, har da lissafin. Wannan ƙa'ida ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba."

"Shi Dunleavy ya tsaya?"

"Dunleavy farfesa ne."

"To. In na tsaya na kare fa?"

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa mai cewa zai ɗauki mota da hannu ɗaya. "In kika tsaya a taron Juma'a kika amsa tambayoyi, ni da kaina zan rubuta sunanki."

"Ba ni sati takwas."

"Na ba ki."

Muna saukowa a matakala ta ce, "Dakta, yau digirin nan naki zai yi rana. Daga gobe ke ce malamata." Mace mai shekara hamsin da takwas, rabonta da lissafin aji tun kafin a haife ni.

Sai bencin abinci ya zama aji. Ta sayi littafi mai bangon kore da fensir uku. Muka faro daga tushe, kuma ta ba ni wahala, domin ba ta yarda da komai sai ta taɓa shi. Da na kawo mata lambobin da ake kira na zato, ta ajiye fensir ta ce, "Tsaya. Ku da bakinku kuke cewa lambar ta zato ce, kuma a kanta ake ba ku albashi? Lallai na zaɓi sana'ar banza." Amma da muka kai ga ainihin lissafin zoben, layi biyu, ɗaya na dama ɗaya na hagu, sai abin ya juya. Na nuna mata gaɓar da ke nufin hasken da yake ɓata a kowane zagaye, ta ce, "Wannan ai haɗina ne, na san shi." Na nuna mata gaɓar da dama yake danne hagu, ta ce shi take ji a yatsanta in kunne na biyu ya wuce wuri. Ni na san haruffan, ita ta san abin da haruffan suke nufi. Sau da yawa nakan rasa wace ce malamar.

A sati na biyu, ranar Laraba, saƙo ya shigo kwamfutata daga mujallar. Irin wanda ake aika wa duk mai suna a kan takarda ne: an karɓi takardarku, za a ba masu tantancewa. Sunaye huɗu.

Na hau hawa na huɗu ban ko ƙwanƙwasa ba.

"Alden, ka aika? Ka ce mata sati takwas!"

"Zauna, Maureen. Akwai wani rukuni a Turai da suke bin sawunmu, in suka riga mu an gama. Ai in masu tantancewa suka dawo da ita don gyara, ana iya ƙara suna. Kada ki tayar mata da hankali tana tsakiyar karatu." Ya juya wasu takardu a kan teburinsa. "Af, wasiƙar shaidarki ta aikin koyarwar nan da kike nema, ranar Juma'a ne ƙarshen aikawa ko? Ina kan rubuta ta. Ina so ta yi kyau sosai."

Bai yi mini barazana ba, ku lura. Irin su ba sa yi. Ya dai ajiye abu biyu kusa da juna a kan teburi ya bar ni in duba. Ni kuwa na duba, na gane, na sauko da bakina a rufe. Na gaya wa kaina ai za a ƙara sunan a wurin gyara. Ƙarfe goma sha biyu da rabi na zauna a kan benci na koya mata yadda zare yake baza haske, na ci pirogin da ta kawo mini guda huɗu, sun kuma wuce ta maƙogwarona lafiya lau. Wannan ne nake kasa yafe wa kaina.

A sati na shida masu tantancewa suka dawo da ita da 'yan gyare-gyare. Whitlock ya gyara a kwana biyu ya mayar, sunaye huɗu. Na gani. Tobias ma ya gani, ya daina haɗa ido da kowa, in Lorraine ta shigo ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Ita kuwa har bolin ta daina zuwa, abin da mutuwar mijinta ma sati ɗaya kawai ta hana ta. Ƙawayenta suka yi ta bugo waya suna tambaya ko saurayi ta yi. Ranar Laraba ta sati na takwas saƙo na uku ya shigo: an amince, za a buga.

Ranar Juma'a ƙanƙara tana zuba tun safe. Lorraine ta zo da rigar da take zuwa coci da ita, mai ruwan toka, ta kuma gyara gashi. Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin taro, ga kwalin donat a tsakiya. Whitlock ya ce, "To, yau muna da baƙuwar malama," wasu suka yi 'yar dariya. Ta ɗauki alli. Ta rubuta layi biyun daga kai, ba ta duba littafi ba. Minti ashirin tana bayani. Da farko muryarta ƙasa-ƙasa, can sai ta manta da mu ta koma muryarta ta ƙasan gini, har tana ce wa wani ɗalibi, "Kai mai jar hula, in barci za ka yi akwai benci a waje."

Whitlock ya gyara zama. Na ga fuskarsa ta sauya, domin bai zo da shirin wannan ba. "Me ya hana ramin cikewa?" in ji shi.

"Abu uku. Zaren yana so ya baza shi, kamar yadda yake baza komai. Ƙarfin hasken yana sauya gilashin, ya turo shi baya. Abin da ya ɓata a zagaye kuma leza tana mayarwa. To amma namu yana da ƙari: inda dama ya yi rauni hagu yana samun wuri ya miƙe, in ya miƙe kuma sai ya hana dama dawowa. Ga shi nan, wannan gaɓar."

"In aka ƙara wuta fa?"

"Bangon ramin biyu su fara tafiya, su rabu ko su haɗe, ya mutu. Akwai wuri guda da suke tsayawa cak. A takarda ɗigo ne a hoto na uku. A teburi kuwa kaurin gashi ne a kunne na biyu, in kana so mu sauka in nuna maka."

Ya yi tambaya shida, ta amsa shida. A ta ƙarshen ma ban tabbata Tobias zai iya ba. Sai wata ɗaliba 'yar shekarar farko ta fara tafi, kowa ya ɗauka. Whitlock ma ya tafa. Ni ina zaune kamar an zuba mini ruwan ƙanƙara a baya.

Lorraine ta goge allin hannunta a jikin rigar cocin, fuskarta ta yi ja don daɗi. Ta buɗe koren littafinta ta zaro daftarin. "Saura abu ɗaya, Alden. A shafi na biyu an rubuta tsawon zaren mita tamanin da shida. Tamanin da huɗu ne. Na yanke mita biyu a watan Nuwamba da wani haɗi ya tsage, na rubuta a littafin ɗaki, ba wanda ya karanta. Kuskuren ya shafi lambobi biyu a jadawalin. Gara ma da ba a aika ba tukuna, da mun ji kunya."

Tobias ya kafa ido a kan donat ɗinsa kamar a ciki amsar take.

Whitlock ya yi gyaran murya. "Madalla da kika lura. Za a gyara. Mujallar za ta turo mana shafukan mu duba kafin a buga, a nan sai a sauya lambar."

"Wace mujalla?"

"Lorraine, an riga an amince da takardar. Shekaranjiya. Labari ne mai daɗi ga dukanmu."

Ta ce, "To a wurin duba shafukan sai a sa sunana."

"Wannan kuma da wuya. Ƙara suna bayan an amince sai an cike takardu, kowa ya sa hannu, edita ya yi ta tambayoyi, a ɗauka wani abu ne ya faru. Zai ja mana wata biyu, mutanen Turai su wuce mu. Takarda ta gaba, wallahi, ke ce a ciki. Kin nuna kin cancanta, kowa a nan shaida ne."

"Lamba ana iya gyara ta," in ji Lorraine, a hankali, "suna ne ba a iyawa."

Whitlock ya ɗauki kwalin donat ya miƙa wa na kusa da shi.

Sai ta juyo gare ni. Ba ta ce Dakta ba.

"Maureen, ana turo wa masu suna saƙo, ko ba haka ba?"

"Ana turowa."

"Tun yaushe?"

"Sati shida."

Ta gyaɗa kai sau biyu, kamar wadda aka gaya wa farashin abu. Ta ajiye allin a mazauninsa, ta ɗauki littafinta, ta fita, ta ja ƙofar a hankali yadda take koya wa kowa don kada a girgiza teburi.

Na so ta yi ihu. Na so ta sauka ta fizge zaren nan ta yayyanka shi, ta murɗe kunnuwan yadda har abada ba za su sake ganin duhun ba. Da ta yi haka da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ranar Litinin ƙarfe takwas tana kan kujerarta. Takarda ta gaba ba ta zo ba, domin Tobias ya gama ya tafi kamfani, tallafin kuma ya koma wani fanni. Ta ƙara wata goma sha huɗu ta yi ritaya, Whitlock ya yi jawabi a kan hannun zinariya, aka yanka kek. A cikin watannin nan duk haɗin da na kai mata ta yi mini shi tsaf, ta miƙo mini ta ce, "Ga shi, Dakta Tedesco." Abincinta kuwa a cikin motarta take ci, da injin a kunne saboda sanyi. Sau biyu na je na tsaya a bakin tagar motar, sau biyu ta ɗaga mini hannu cikin ladabi ta ci gaba da tauna.

Na samu aikin koyarwar. Wasiƙar ta yi kyau sosai, haka aka gaya mini.

Takardar ta fito a watan Mayu, kuma har yau ana ambaton ta. Na buɗe shafi na biyu na duba: tsawon zaren mita tamanin da huɗu, lambobin jadawalin duk an gyara su daidai yadda ta faɗa. A sama sunaye huɗu ne. Nawa ne na biyu.